Layun Roba a Lambun Hajja Kaka

"Ku rubuta ku ajiye," in ji Mu'azzam, ya daki ƙirji har maɓallin rigarsa ya yi tsalle ya faɗa kofin shayin wani bawan Allah. "Bana an gama da sharon a ƙasar Roni. Ni na gama da ita. Labari ne bai kai mata ba tukuna."

A teburin mai shayi na bakin tasha yake wannan jawabi da hantsi, ƙafa ɗaya a kan benci, hannu ɗaya riƙe da takardar shaida da ya sa aka manne masa da leda tun a Kazaure. Kwana biyu rak ya yi a can wajen bitar manoman tumatir, amma in ka ga takunsa sai ka rantse shekara bakwai ya yi a ƙasar waje.

Sharon kuwa, ga wanda bai taɓa noman rani ba, wani ɗan ƙwaro ne mai fiffike, launin toka, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ƙwai yake zubawa a ganyen tumatir, ƙwan ya zama tsutsa, tsutsar ta shige tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa, tana ci tana jan farin layi kamar mai koyon rubutu. In ta gama da ganye ta huda ɗan tumatirin. Kafin sati biyu lambu ya koma kamar an bi shi da wuta.

A ƙarshen bencin akwai Halliru, wani siririn Bafulatani da ya rage shanu ya kama lambu, mai magana a hankali kamar ba ya son ɓata wa kowa rai. Mu'azzam kuwa jikan Barebari ne, saboda haka akwai wasa tsakaninsu tun na kakanni, kuma Halliru bai taɓa yafe rabonsa ba.

"Babarbare," ya ce yana hura shayi, "me aka koya muku a can?"

"Abin da kan mai bin saniya ba zai ɗauka ba."

"To rage mini shi daidai kaina. Tsutsar nan, ta ina take numfashi a cikin ganye?"

Mu'azzam ya yi gyaran murya har sau biyu. "Wannan darasin rana ta uku ne."

"Ba kwana biyu kuka yi ba?"

"Sauran ta waya za a turo wa manyan ɗalibai."

Gaskiyar magana, ba zaɓensa aka yi ba. Muhammadu Lawal, shugaban manoman fadama, shi aka gayyata, sai sa ya taka masa ƙafa ana gobe tafiya. Aka duba wanda ba shi da aikin da zai lalace in ya yi kwana biyu ba ya nan, duk unguwar aka rasa kamar Mu'azzam. Da ya je kuma kujerar bakin ƙofa ya kama, saboda ta nan abinci ke shigowa. A rana ta biyu malamar bitar, Malama Ummu Salma, ta ɗaga wata 'yar jar roba kamar murfin biro ta ce, "Wannan ita ce babban makaminku, amma ku saurara da kyau ku ji yadda ake kafa ta." Daidai nan aka shigo da kular shinkafa da kaza. Ko da ya dawo yana lashe baki, tafi ya tarar ana yi, shi ma ya tafa. Aka damƙa masa leda mai roba ashirin da huɗu, kowace a rufe ruf cikin 'yar takardarta, aka ce ya raba wa manoma goma sha biyu na fadamarsu, biyu-biyu.

A kan babur ɗin dawowa ya yi nazari irin na manyan ɗalibai. Maganin da aka kasa goma sha biyu ai ƙarfinsa ya tafi. Ya cusa ledar can ƙasan aljihu, ya ja bakinsa.

Dalili kuwa yana da shi. Surukarsa Hajja Kaka tana da lambu fangali takwas a bakin ruwa, wuri mafi kyau a fadamar. Ɗanta Hussain da ke nomawa ya samu aiki a Babura ya tafi, ya bar tumatir yana fure. Shekara uku Halliru na neman a ba shi wurin. Mu'azzam ko taku ɗaya ba shi da shi a fadama, kuma duk sana'ar da ya taɓa kamawa sai da ta gudu ta bar shi.

Da yamma ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da tabarmar Hajja, ya turo takardar shaidar gabansa da ɗan yatsa.

"Mene ne wannan, ɗan nan?"

"Shaidar ilimin tumatir ce, Hajja."

"Ana miya da ita?"

"A'a, Hajja."

"To mayar da ita aljihu." Ta ɓantari goro. "Zulaikha ta dame ni da kuka, wai a ba mijinta lambu. Na ba ka ragowar kakar nan. Ka cika mini kwando goma, wuri ya zama a hannunka. Ka kasa, in ba Bafillacen can, ko ba komai shi ya san ganye tun yana yanko wa shanu."

"Goma, Hajja? Ai da ma ashirin kika ce, don kada ilimi ya zauna banza."

"Goman dai. Tashi ka je."

Washegari tun da safe ya shiga lambu da zaren ja da tsohon gidan sauron Zulaikha. Ya ɓare robobin nan ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe kowace a ƙyallen gidan sauro, ya ɗaure ta a jikin kara kamar laya, uku-uku a kowane fangali. Halliru, da lambunsa ke manne da wannan, ya jingina da fartanya yana kallo.

"Suna aka yi wa tumatirin, ake rataya masa laya?"

"Sirrin kakanni ne daga Barno, na gauraya shi da ilimin zamani. Ƙwaro ya shaƙi wannan, sai dai a ji labarinsa a Nijar."

"Ka sam mini ɗaya mana."

"Ba ya kama Fulani."

Kwana uku da rataya layu, da rana ta yi sanyi, sai ga ƙwari yuuu a kan lambun Hajja Kaka kamar ana sheƙe gero. Ta gabas suna zuwa, ta yamma suna zuwa. Masu lambun da ke kewaye suka fara lura nasu ya ɗan yi sauƙi.

"Babarbare, baƙinka sun iso," in ji Halliru daga kan iyaka.

"Bankwana suka zo yi."

"Ai kuwa da danginsu kaf suka zo. Allah ya saka da alheri, jiya ko ɗaya ban gani a nawa ba."

Mu'azzam ya yi murmushin manya. Amma da sati ya zagayo, ganyen da ya bari kore shar ya cika da farin zane, har babu wurin da tsutsa za ta ƙara rubutu. Ya tsuguna ya ɗaga ganye ɗaya a rana, ya hango 'yar tsutsa kwance a ciki tana cin abincinta hankali kwance, kamar mai gida a ɗakinsa.

"Za ki sani," ya ce mata.

Ya sa Zulaikha ta daka masa barkono kwano biyu, ya jiƙa a jarka ya kwana, ya aro famfon feshi. Ya goya, ya kira mutane su zo su ga aiki. Abin da bai duba ba shi ne ta ina iska take. Ya fuskanci gabas, iska ta fuskance shi. Matsa uku ya yi, sai aka ji ihu. Ya zubar da sandar feshin, ya rufe ido da hannun da ya dama barkono da shi, ihun ya ƙaru. Ya zabura a makance, ya tattake fangali guda, ya yi karo da injin ban-ruwa, ya faɗa magudana tsundum da famfon mutane a bayansa.

Halliru ne ya jawo shi ta wuyan riga.

"Sannu Babarbare. Wannan darasin rana ta nawa ne?"

"Gwaji na yi," in ji Mu'azzam, hawaye da majina suna tsere. "Sai likita ya ɗanɗana magani yake ba wa marar lafiya."

"To ya kama likita. Tsutsa dai tana cikin ganye, ko atishawa ba ta yi ba."

A gida Zulaikha tana ɗiga masa nono a ido tana tsaki.

"Malam, don Allah ka je ka tambayi Malam Muhammadu Lawal mana. Shekara talatin yana lambu."

"In tambayi wanda sa ya taka? Ke dai ɗiga."

Ido bai gama washewa ba wata dabarar ta faɗo masa. Ya tarar Halliru ya tuge gautan da ya dasa a gefen lambunsa, da wasu ciyayin gautan kaji, ya tara zai cinna musu wuta domin tsutsa ta kama su.

"Tsaya! Kada ka ƙona. Ba ni."

"Ka kai ina? Cike suke da sharon."

"Kai ba ka san halin baƙo ba. In ka tare shi da tuwo a zaure, me zai kai shi cikin gida? Zan kewaye tumatirina da gauta. Ƙwaro ya zo ya ci ya ƙoshi a bakin ƙofa, ya juya."

Halliru ya dube shi, ya dubi sama, ya sake dubansa. "Ba zan bayar ba. Kada a ce ni na kashe lambun tsohuwa."

Sai da Mu'azzam ya roƙa, ya haɗa shi da Allah, har da ɗan rusunawa, sannan Halliru ya ce ya ɗauka, amma a gaban shaidu biyu. Bai tsaya nan ba, ya bi lambuna yana tsintar duk gauta da yalon da aka tuge aka yar, ya dasa su reras kewaye da fangali takwas, yana ba su ruwa safe da yamma fiye da tumatirin.

Baƙi kuwa suka ci a zaure, suka haihu a zaure, 'ya'yansu suka shige cikin gida.

Da ya ga haka ya ce hayaƙi ne maganinsu, tun da ko zuma da hayaƙi ake korar ta. Ya saro zaƙami dami guda daga bayan gari, irin wanda ko akuya ba ta kusanta, ya haɗa da busasshen kashin shanu ya banka a tsakiyar lambu. Ya tsaya a cikin hayaƙin yana fifita da faifai don ya ratsa ko'ina. Ƙwarin suka tashi suka koma kan bishiyar darbejiya suna jira. Shi kuwa ya shaƙa, ya shaƙa, ya ƙara shaƙa. Can sai masu ɗiban ruwa suka hango shi durƙushe gaban jakin Halliru, ya dunƙule hannu yana jinjina.

"Ranka ya daɗe, kwando ashirin ne. Wallahi ashirin. A gaya wa Hajja."

Jaki ya kaɗa kunne. Mutum huɗu ne suka ɗauke shi zuwa gida, yana ta ba su umarnin su yi a hankali kada tumatir ya fashe. Kwana biyu ana ɗura masa kunun tsamiya kafin ya daina ganin ganye na tafiya a bango.

Labari dai ba ya ɓuya a Roni. Hajja Kaka ta aiko a gaya masa tana son ganin nunan fari. Mu'azzam ya zaga lambu tun daga farko har ƙarshe, duk wanda ya juya sai ya ga huda baƙa a gindinsa. Ranar kasuwar Gwiwa ya hau babur a ɓoye, ya zaɓo manya-manya jajaye cike da kwano, ya yayyafa musu ƙasar fadama, ya ba Zulaikha ta kai.

Ba ta daɗe ba ta dawo da kwanon yadda ta tafi da shi.

"Me ta ce?"

"Ta ce a gaishe ka da ƙoƙari. Ta ce Hussain dogon iri ya shuka, kai kuma ka tsinko kewayayye, lallai ilimi ya yi. Ta ce ranar Alhamis za ta zo ta ga uwar da ta haifi waɗannan."

Ranar Alhamis ɗin da safe, yana tsaye yana tunanin ko zazzaɓi zai kwanta, sai ga Muhammadu Lawal yana ɗingishi da sanda.

"Mu'azzam, malamar bitar nan ta bugo mini waya. Yau bayan la'asar za ta zo ganin yadda muka kafa kayan da ta aiko mana ta hannunka. Wane kaya ne?"

"Ilimi take nufi, Baba," in ji Mu'azzam. "Ilimi. Shi ne kayan."

"To. Na dai sanar da kowa ya hallara a lambunka, tun da kai ne ɗalibinta."

Wuni ya yi yana neman yadda zai kwance layun nan ba a gani ba, amma Halliru ya ƙi matsawa, ya zauna a kan iyaka yana gyaran ƙotar fartanyar da ba abin da ya same ta. Sai da aka kira la'asar mutane suka nufi masallacin bakin hanya, sannan ya bi fangali-fangali da gudu yana fizge su. Ashirin da huɗu cif. Ya nufi magudana zai watsa, ya tarar da Halliru tsugune yana alwala. Ya juya ta hanya, ga babur ya sauke Hajja Kaka da Zulaikha. Ba shiri ya cire hula ya zuba rabi a ciki ya kifa a ka, sauran ya danna a aljihun gaba, ya gyara tsayuwa.

Malama Ummu Salma ta makara, tayar babur ɗinta ce ta yi faci a hanya. Ko da ta iso rana ta yi ja. Manoma goma sha biyu suna nan, ga mata masu tsintar rauga, wato ragowar tumatirin da aka bari, ga masu ɗiban ruwa, ga waɗanda suka ji labarin jaki suka zo ko za a sake. Aka shimfiɗa wa Hajja Kaka buhu a kan iyaka ta zauna.

Malama ta tsaya a bakin lambu ta riƙe haɓa.

"Inna lillahi. Na zaga Kazaure, na zaga Kanya Babba, ban ga inda ta yi ɓarna irin nan ba. Na wane ne?"

"Na ɗalibinki ne," in ji Halliru. "Babban."

Ta tsinki ganye ta tsaga shi da farce, ta nuna wa jama'a tsutsa uku kwance a jere. Sannan idonta ya kai kan shingen gauta.

"Wa ya dasa wannan?"

Mu'azzam ya hau gyara hularsa.

"Jama'a, gauta da yalo da gautan kaji da zaƙami, har dankalin Turawa, duk dangin tumatir ne, duk abincinta ne. Na faɗa a bita, a tuge su a ƙone. Wanda ya dasa wannan ɗakin haihuwa ya gina mata."

"Ba ni aka yi," in ji Mu'azzam. "Wani ne ya ba ni."

"Roƙa ka yi," in ji Halliru. "Ga shaiduna biyu can, har rusunawa sun gani."

Aka fara 'yan dariya ƙasa-ƙasa. Malama ta buɗe littafinta.

"To a bar wannan. Ina tarkunan? Roba ashirin da huɗu na ba ka ka raba."

Kai goma sha biyu suka juyo lokaci guda. Muhammadu Lawal ya dogara sanda ya matso.

"Ai... sun faɗi, Malama," in ji Mu'azzam. "A hanya. Wajen gadar nan babur ya yi tsalle, leda ta fice. Na nema har na gaji. Kunya ce ta hana ni faɗa."

"Kash. Ka yi wa mutane asara." Ta juya ga manoma. "Bari in gaya muku amfaninta ko don gaba. Robar nan ƙamshin macen ƙwaron aka sa mata. Mu ba ma jin sa, amma namiji yana jiyo shi daga nesa, ya taho a guje yana zaton amarya ce."

Wani ɗan ƙwaro launin toka ya sauka a kan hular Mu'azzam. Ya kaɗe shi kamar ƙuda.

"Shi ya sa ba a kafa ta haka kawai," Malama ta ci gaba. "Daro za ka samu ka cika da ruwan sabulu, ka rataya robar a samansa. In sun zo suna zagaye sai su faɗa ruwa su mutu."

"Malama," in ji Halliru a hankali, "in mutum ya rataya babu daron fa?"

"Ai ya kira biki ke nan. Ya tara mazan unguwa kaf, ya haɗa su da matan da ke lambunsa."

"Ikon Allah. In guda ashirin da huɗu ce a wuri ɗaya fa?"

"Wane mahaukaci ne zai yi haka?"

Yanzu sun kai goma a kan hular. Wasu biyar suna zagaya aljihun gaba. Mu'azzam ya ɗan matsa hagu kamar mai neman inuwa, suka bi shi. Ya koma dama, suka bi shi. Rana ta ƙara sunkuyawa, lokacin tashinsu ya yi, sai ga su suna fitowa daga ganyen gauta, daga tumatir, daga lambun Halliru, daga lambun bayan na Halliru, duk hanya ɗaya suka nufa. Kafin Malama ta rufe littafi kan Mu'azzam ya yi rawani na ƙwari, yana juyawa.

"Sauro ya yi yawa bana," ya ce, yana kaɗa hannu biyu.

"Sauron da ya san mutum ɗaya," in ji wata mai tsintar rauga.

Malama Ummu Salma ta zagaya shi sau ɗaya, ta dubi aljihun, ta dubi hular.

"Malam Mu'azzam, ɗan cire hularka."

"Haba Malama. A gaban surukata? Ai ba tarbiyya ba ce."

"Na yafe," in ji Hajja Kaka daga kan buhu. "Cire."

"Hajja, kaina ba aski."

"Na ga wanda ya fi shi muni. Cire."

Ya dafe hular da hannu biyu, ya buɗe baki zai kawo wata hujjar, sai ɗaya daga cikin masu neman auren ya yi kuskuren hanya ya shige masa hanci. Atishawar da ya yi har tsuntsaye suka tashi daga darbejiya. Hula ta yi gaba, layu goma sha biyu suka watse a gaban jama'a da jan zarensu. Ya sunkuya da sauri zai tattara, na aljihu suka zubo a kai.

Fadama ta kaure. Wani ya faɗi a fangali yana riƙe da ciki. Muhammadu Lawal ya ɗauki laya ɗaya da kan sanda ya ɗaga.

"Wannan ne ilimin?"

"Sirrin kakanni ne daga Barno," in ji Halliru. "Ba ya kama Fulani. Wallahi kuwa bai kama ni ba, Allah ya ji ƙan kakanni."

Zulaikha ta tsinci ɗaya ta juya. "Gidan saurona ne wannan! Wata guda sauro na cizona, kana ce mini ɓera ne ya ja shi!"

Malama ta sa aka kwashe robobin, ta ƙirga, ta miƙa wa kowane manomi biyunsa. Amma ƙwarin ba su bar Mu'azzam ba ko ɗaya.

"Ƙamshin ya kama rigarsa da gashin kansa," ta ce tana danne dariya da gefen mayafi. "Sai ya yi wanka da sabulu sosai, watakila sau uku."

Hajja Kaka ta miƙe da ƙyar, ta shiga lambunta tana bin fangali ɗaya bayan ɗaya. Dariya ta lafa. Ta dawo da abin da ta samu a bakin zane, ta zube a gaban surukinta. Tumatir bakwai, biyar da huda.

"Ga kwando gomanka, ɗan nan." Ta juya. "Bafillace."

"Na'am, uwar ɗakina."

"Gobe ka tuge komai ka ƙone. Wuri ya zama naka, ka riƙa kawo mini na miya."

"Hajja, a ƙara mini sati biyu," in ji Mu'azzam, ƙwari na shiga bakinsa yana tofarwa. "Yanzu ne na gane inda kuskuren yake. Daro ne kawai babu."

"Ga shi kuwa," in ji Halliru. Ya riga ya jawo daron da yake wanke tumatir, ya cika shi a magudana, wata mata ta jefa guntun sabulu aka kaɗa har ya yi kumfa. Ya ajiye shi a gaban ƙafafun Mu'azzam. "Ɗan sunkuyo, amarya. Baƙi na jira."

Mu'azzam ya ɗaga ƙafa zai bar wurin.

"Tsaya nan," in ji Hajja Kaka.

Umarnin suruka ne, a gaban mutane. Ya tsuguna, ya sunkuyar da kai a kan daro. Ƙwari suka yi ta zagaya shi suna faɗawa kumfa, ɗaya, biyar, ashirin, har ruwan ya fara yin toka-toka. Manoma suka kewaye shi suna leƙe, Malama tana nuna musu da biro yadda tarko mai kyau yake aiki.

Hajja Kaka ta gyara mayafi, ta dafa kafaɗar Zulaikha za su tafi.

"Kada kowa ya tashe shi sai an kira magariba," ta ce. "Tun da na ba shi lambun nan, yau ne ya fara yi mini aiki."